Kiɗan da Tjeerd Ya Kori Yayansa da Shi

Shekara goma sha tara muna ofis ɗaya da Tjeerd Wiersma a birnin Groningen, muna zaɓar wa kantuna da ɗakunan jira kiɗan da za su riƙa sakawa. Ni hanyar cin abinci na ɗauki aikin, shi kuwa tamkar aikin likita. Yana saurayi ya so zama makaɗin fiyano, ciwo ya kama yatsunsa, sai kunnen ya rage masa. Ya san kiɗan da ke tsayar da mace gaban mai cuku har ta sayi abin da ba shi ya fito da ita ba. Ya san wanda ke kwantar da hankalin mai jiran a cire masa haƙori.

Wata Litinin, sanyi ya tsananta, shugabarmu Madam Brouwer ta shigo da sabon aiki. Masu wata kasuwa mai rufi sun gaji da mashaya da marasa gida da ke wuni a bencinan ƙofa suna shan ɗumi. Kiɗan da zai tashe su suke so.

Tjeerd ya ce, "Ranki ya daɗe, ni kiɗan zaunar da mutane na iya."

"To, juya shi mana. Wanda ya iya ɗauri ai ya iya kwancewa."

"Yayana Auke a can yake wuni."

"Kai ka ajiye shi a can? In ba za ka iya ba, ga masu neman kujerarka birjik."

Ya yi. Ya zaɓi wani goge mai tsinin murya, gajere, yana ƙarewa yana komawa farko, ya sa aka saita sautin daidai kan bencinan. Mai wucewa ba ya ankara, mai zama kuwa kafin awa ɗaya kansa ya fara sarawa. Mako biyu, wurin ya zama wayam. Masu kasuwar suka aiko mana da kek na tuffa. Kowa ya ci, har ni.

Ran Asabar na raka Tjeerd neman Auke. Muka same shi ƙarƙashin gada a bakin ruwa, naɗe cikin bargo, yana tari.

"Kai ne, ƙanena? Ina jin kiɗan nan na ce wa mutanena, ku tashi, wannan hannun Tjeerd ne, ba ya kuskure. Da wani wawa ne, ganga zai sa mana mu yi ta rawa. Sannu da ƙoƙari."

Tjeerd ya roƙe shi su tafi gida tare. Auke ya ce matar Tjeerd ta kore shi sau ɗaya, ba za ta samu na biyu ba. Ya karɓi burodi da kyafaffen kifi, ya ƙi rigar sanyin da Tjeerd ya kawo masa.

Kafin sanyin ya wuce ciwon huhu ya kai Auke asibiti, bai fito ba. Mai shirya jana'iza ya tambayi Tjeerd wane kiɗa za a sa, tunda sana'arsa ce. Ya ce kada a sa komai. Muka zauna mu shida, ba abin da ake ji sai ƙarar kujeru.

Kiɗan kuwa ya samu kasuwa. Garuruwa suka yi ta aikowa, Madam Brouwer ta sa sunan Tjeerd a jikinsa don ta girmama shi. Ya ƙara shekara uku yana aikawa da hannunsa, sannan ya yi ritaya ya koma ƙauye. In na buga masa waya ba ya ɗauka.

Ni har yanzu ina nan. Jiya wani ya bugo daga garin Zwolle, ya ce tsofaffi sun cika masa gaban kanti. Na tura masa kiɗan.