Saƙon Juma'ar Malam da Karatun da Ban Tafi Ba

A shekarar da na nemi tafiya ƙasar waje yin digiri na uku, ina ƙaramar malama a sashen noma na wata jami'a a nan Dutse. Ita ce kuma shekara ta ƙarshe da za a iya karɓa ta, domin masu ba da tallafin karatun sun sa iyakar shekarun haihuwa, wanda ya haura ko takardunsa ba sa buɗewa. Bincikena a kan ƙwaron da ke shiga dabino ne bayan an adana shi, ka ga ƙwara mai kyau a ido, ka ɓare ka tarar da gari. Na'urar da nake buƙata a ɗakin gwajinmu ta daɗe da mutuwa, su kuwa can a jami'ar da na nema suna da ita. Malamar da za ta duba aikina a can ta riga ta ce tana maraba da ni, maigidana ma ya amince. Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga malamin da ya duba digirina na biyu. Shi zai aika da kansa, kuma dole daga adireshin imel ɗinsa na jami'a. Sun faɗa ƙarara cewa ba sa karɓa ta wata hanya, don kada ɗalibi ya zauna ya yabi kansa.

Malamin nawa farfesa ne, dattijo, ɗan gidan malamai a unguwar Limawa. A zauren karatu ya tashi, inda ba a wuce mutum ba a gaishe shi ba, kuma da wannan tarbiyyar ya shigo harkar kwamfuta. Duk safiyar Juma'a, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya zauna ya aika saƙon barka da Juma'a ga duk wanda ya taɓa samun adireshinsa: ɗalibai, manyan jami'a, masinjan sashe, da duk wanda suka taɓa haɗuwa a wani taro. Hoton masallaci ne kewaye da furanni, da addu'a da Larabci da Hausa da Turanci, a ƙasa kuma roƙon a isar wa 'yan'uwa. Mu ƙanana mukan tsokani juna da shi a bayan idonsa, idan wani ya makara sai a ce ya tsaya karanta saƙon Malam ne. Amma babu wanda ya ƙi jinin abin. Mukan ce amin a zuci mu ci gaba da aikinmu.

Shi ne ma ya zaɓa mini waccan jami'ar.

"Ina da mutane a can," in ji shi. "Na je taro wajensu shekarun baya, na karɓo katinsu kaf. Tun daga nan babu Juma'ar da ta wuce ban gaishe su ba."

Wallahi a lokacin daɗi na ji har cikin raina. Na koma gida ina gaya wa maigidana cewa tafiya kamar an yi an gama.

Ya rubuta shaidar, ya karanta mini ita duk da ba a so ɗalibi ya ji, har sai da na sunkuyar da kai don kunya. A gabana ya aika. Aka yi makonni, shafin nasu na intanet yana nuna ba ta iso ba. Ya sake aikawa, shiru. Ya ƙara, shiru. Na rubuta wa ofishinsu, wata mata ta amsa mini cikin ladabi cewa ta duba ko'ina, har kwandon da saƙonnin banza ke faɗawa, babu komai daga wannan adireshin. Ta tuna mini ranar rufe karɓar takardu, sai ka ce na manta.

Na je ofishin masu kula da intanet na jami'a. Jami'in da na tarar sa'ana ne, ya daɗe yana duba allon kwamfutarsa, sannan ya juyo ya ce saƙonnin suna fita daga wajenmu lafiya, can ne ake ƙin karɓarsu. Ya ce kowace jami'a tana da rariya a bakin ƙofarta da ke tace saƙonnin talla da na 'yan damfara, kuma tana koyo ne daga abin da mutane ke jefarwa. Mutanen can ba su tuna Malam ba, ga saƙo yana zuwa duk mako da rubutun da ba sa iya karantawa, ga tarin adireshi a kai, ga roƙon a tura wa wasu. Sai suka riƙa danna maɓallin da ke cewa wannan shara ce. Shekara da shekaru ana haka, har rariyar ta haddace shi. Yanzu komai ya fito daga adireshin Malam, ko cikin kwandon ba ya kaiwa, daga bakin ƙofa ake zubar da shi.

Na ce to mene ne mafita. Ya ce a buɗe masa sabon adireshi, amma shi ne zai nema da kansa, kuma ya daina tura saƙo ɗaya ga jama'a da yawa, in ba haka ba sabon ma hanyar tsohon zai bi.

"To ka je ka yi masa bayani mana."

Ya dube ni kamar na ce ya faɗa rijiya. "Ni? Malama, a gidansu na yi sauka. Da wane bakin zan ce masa addu'arsa ce aka mayar shara?"

Na tafi wajen shugaban sashenmu. Ya yi dariya har da buga tebur, da ya ga ban taya shi ba sai ya gyara fuska ya ce maganar manya a hankali ake bin ta, in ba shi lokaci ya nemi hanya. Na san irin wannan lokacin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kowa ya ga inda matsalar take, kowa kuma ya fi jin tausayin fuskar Malam a kan rayuwata.

Ni na je da kaina. Na gaishe shi, na zauna a gefen kujera, na yi ta kewaye-kewaye kafin na isa ga maganar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Wato gaisuwar ce ta zama laifi."

"Ba laifi ba ne, Allah ya gafarta Malam. Na'ura ce, ba ta san abin da take yi ba."

"Na'ura ba ta danna kanta. Kin ce mutane ne suka danna."

Gaskiya ya faɗa. Ya ce ya ci abinci da mutanen nan, akwai wanda ya ɗauke shi a motarsa ya nuna masa gari. Ya shiga lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa kwanakin da suka rage kawai nake gani. Nan haƙurina ya ƙare.

"Malam, ni ba ruwana da wanda ya danna. Ba su san ka ba, ba sa son saƙon, ni kuma lokaci yana ƙure mini."

Tun da nake da shi bai taɓa yi mini irin kallon da ya yi mini ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce in tashi in je, zai duba.

Makon da ya biyo baya bai shigo ofis ba. Na bi shi Limawa a adaidaita, Hajiyarsa ta karɓe ni da fara'a, ta kawo mini ruwa, ta ce Malam yana hutawa. Ina jin muryarsa daga ciki yana biya wa wani karatu. Na koma, aka sake cewa yana hutawa. Ban zarge shi da mugunta ba, ko yanzu ban zarge shi ba. Mutum ne da aka gaya wa cewa shekaru yana yin sallama a ƙofar da aka rufe saboda shi, yana buƙatar lokaci ya haɗiye. Ni ce ban da lokacin ba shi.

Daga baya ya nemi sabon adireshin. Sai dai a ranakun ma'aikatan ofisoshi sun shiga yajin aiki, ƙofar masu intanet da kwaɗo. Na kira jami'in nan har ya daina ɗauka, da ya ɗauka ya rantse mini cewa daga gida ba abin da zai iya. Ran da aka dawo aiki aka yi wa Malam adireshin, ranar rufewa ta riga ta wuce. Duk da haka ya aika. Nan take ta isa, ba gardama, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Suka amsa da godiya, suka ce an rufe. Malamar da za ta duba ni ta rubuto cewa in sake nema baɗi. Na gaya mata shekaruna, ta ce ta yi baƙin ciki, daga nan ban sake ji daga gare ta ba.

Malam ya daina saƙon gaba ɗaya, har ga mu na gida da ba mu taɓa jefar da shi ba. Mutane suka yi ta tambaya ko ba shi da lafiya. Da labari ya zaga, sai na zama wadda ta hana Malam gaisuwa, har wata abokiyar aikina ta ce mini boko ya yi mini yawa. Idan na gaishe shi yana amsawa, amma a taƙaice, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ina nan a matakin da nake, waɗanda na koyar sun fara wuce ni, kuma na daina buɗe sanarwar tallafin karatu idan an turo.

Ban kai ga zuwa Jahun in sanar da mahaifiyata ba, don maganar ba ta waya ba ce. Wata ranar Asabar da hantsi sai ga ta a ƙofar gidanmu a Takur, ta samu motar wani maƙwabci ta biyo. Ta zo da kayan sawarta, ta ce ta bar wa ƙanwarta awakinta, za ta zauna da jikoki har in dawo. Ta kwance wani buhu a tsakar gida tana fito da ƙulli-ƙulli: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji. Tun kaka take shanyawa tana dakawa, don an gaya mata can babu irin abincinmu. Kowane ƙulli ta naɗe shi a leda biyu saboda kada wari ya sa a ƙwace mini a filin jirgi.

Ta ɗago ta ce, "Yaushe ne tafiyar?"

Na ce, "Inna, an fasa."

Ta ce wa ya fasa. Na buɗe baki in yi mata bayani, na rasa ta inda zan fara, sai na ce takarda ce ba ta isa da wuri ba. Ta daɗe tana kallon kayan a kan tabarma. Can ta fara mayar da su cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, ta ce in kai kicin in rataye nesa da ƙasa, kada ɓera ya ɓata.