Tsohon da Ƙungiya Ta Ba Ni

Shekarar da aka ce mu tashi daga Zango, unguwarmu ta birnin Waga, za a rushe, ƙungiyarmu ta samari ta ajiye ƙwallo da yasar kwata, ta koma kwasar kaya. Shugabanmu, wani tela mai faɗan tsiya da muke kira perezidan, ya raba mana tsofaffin unguwa. Kowane yaro da tsohonsa, kuma ba ka da hutu sai ka ga ya kwana ƙarƙashin sabon rufi. Ni a lokacin ko cefane ba a yarda a aike ni a gidanmu. Aka ba ni Baba mai goro, wanda idonsa ya tafi, ƙafa ma ta ƙi.

Baba yana da ɗa guda, wani Alhaji mai shagon atamfa da ya gina gida a unguwar Tampui, can bakin gari. Wata safiya ya zo da kamiyo, wato motar ɗaukar kaya, da leburori, suka ɓalle kwanon ɗakin Baba, suka cire ƙofa da taga. Wallahi har katifa ya naɗe, wai za a shimfiɗa masa a can, da yamma zai dawo ya ɗauke shi.

Bai dawo ba. Kullum in kai wa Baba koko, in ja shi inuwar bango idan rana ta juya, ga katafila tana matsowa layi-layi. Da na gaji na hau keke na tafi Tampui. Alhaji ya leƙo ya ce, "Kai ɗan wa ne ma? Ce masa ɗakin bai bushe ba." Sai na hango kwanon Baba a bayansa, an yi wa raguna rumfa da shi. Raguna! Daga ranar na tsani mutumin nan, kuma har yau ban daina ba.

Ana cikin haka matarsa ta haihu. A al'adarmu, ko ka bar unguwa, ƙungiya ce ke kafa maka rumfar suna, ta jera benci, ta raba zom-kom, ruwan garin gero mai zaƙi, a kofuna. Marar kunya, ya aiko wa ƙungiya. Na ce wa perezidan, "Yaya, ni ƙafata ba za ta taka gidan nan ba." Bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba ya ce, "Za ka je, kuma da tsohonka. Ai jikansa ne."

Muka yi wa Baba wanka, muka sa masa farar riga, muka ɗora shi a amalanken jaki da tabarmarsa da butarsa da ɗan abin da ya rage masa. Mun isa malamai sun fara addu'a. Muka ɗauko shi cak, muka zaunar da shi kusa da liman. Liman ya ce, "A'a, Baba, ashe ba a nan kake zaune ba?" Ni kuwa na buɗe murya yadda na bencin baya zai ji: "Alhaji, ina za mu sa kayan? Ɗakin ya bushe?" Gumi ya keto masa, ya rasa inda zai sa idonsa. Daɗin da na ji, Allah kaɗai ya sani.

Ɗakin ajiya Alhaji ya ba Baba, kusa da ragunan. Perezidan ya ce rufi ya samu, amma aikina bai ƙare ba. Duk Juma'a ina ratsa Waga a keke, in yi wa Baba aski, in yanke masa farce, in wanke kayansa. Alhaji ko sallamata ba ya amsawa, ni ma ba don shi nake yi ba.

Bayan damina Baba ya rasu. A maƙabarta aka ce na jikinsa su sauka su karɓe shi. Alhaji ya tsaya naɗe babbar riga yana cire takalmi, ni kuwa tuni na dira. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Yaro, fito." Ban motsa ba. Liman ya dube shi, ya dube ni, sannan ya ce wa masu riƙe da gawa, "Ku miƙa masa."

Ni na karɓi kan Baba, na juya fuskarsa alƙibla. Ɗan cikinsa yana tsaye a sama da takalmi ɗaya a hannu.