Tekun da Ya Buga Min Ƙofa

Daga Batsari har Safana babu wanda ya san bakin teku kamar ni. Haka nake faɗa lokacin da nake koyar da labarin ƙasa a Safana, haka kuma nake maimaitawa duk ranar kasuwa a rumfar wani mahauci a Batsari, inda muke haɗuwa cin balangu.

Lardin Kalaba nan ne gonata. Nakan ba 'yan rumfar labarin yadda Turawa suka fara kafa hedikwatar mulkin kudu a can kafin su mayar da ita Legas, da yadda aka yi ta yanka yankin ana sake masa suna. Wannan gaskiya ne, a littafi na karanta. Sauran kuwa ni na ƙara: wai shekara biyu na yi a garin, igiyar teku ce ke buga min ƙofa in tashi sallar asuba, kifi ɗaya kuma ya ishi unguwa guda. Alhali ko Lakwaja ban taɓa tsallakewa ba. Mahaucin dai sai yankan namansa yake yi.

Wata rana wani dattijo manomin wake daga Wagini, mai yawan zama cikinmu, ya matso kusa da ni. Ya ce 'yan bindiga sun hana shi noma damina biyu, ya sayar da jakinsa da sauran awakinsa, zai tafi Kalaba neman abin yi. Kuma ni kaɗai ya sani mai mutane a can.

"Malam, rubuta min takarda zuwa ga mai masaukinka. Jibi zan hau mota."

Na ajiye naman da ke hannuna. Na ce ai mai masaukin ya rasu. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya shafa, sannan ya tambayi 'ya'yan mamacin. Na kama lalube aljihu kamar mai neman adireshi.

Mahaucin ya ajiye wuƙa. Ashe ya daɗe yana sayar da tsire a Kalaba kafin ya dawo gida. Ya faɗa wa dattijon tashar da zai sauka da unguwar da Hausawa suke, ya kira wani ƙanensa da ke can a waya nan take, ya ce ga baƙo nan tafe.

Da dattijon ya tafi, na kasa ɗaga kai. Mahaucin ya miƙo min ruwan wanke hannu, ya rage murya.

"Malam, Kalaba a bakin kogi take, tekun da sauran tafiya. Tun bara na so in faɗa maka, na ga kana jin daɗin hirar."