Ƙarar Tulu a Bayan Katangar Ƙanwata

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna ran Asabar, ni da wata ƙawata ta zumuntar matan cocinmu. Aike ne na Mama: in je Suleja in duba ƙanwata, in abin ya ƙi in taho da ita. Tun da mijinta ya samu aiki a Abuja suka kama haya a Chaza, kullum ta kira sai kuka. Ta haihu, ba wanda ya leƙo barka. Har ta fara cewa ita gida za ta dawo.

Hanya ta yi mana kirki, in ka cire ramukan da direbanmu ke gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya. A Tafa muka ci soyayyar doya da yaji. Tsadarta ta sa ƙawata ta tambayi mai tuyar ko daga Makka aka kawo doyar. Muna shiga Suleja hayaniya ta tare mu, 'yan acaɓa na kiran fasinja da Hausa rabi, Turanci rabi.

Gidan nasu mai kyau ne, amma katanga ta fi ni tsawo, ƙofa kuma kullum a kulle. Mijin kan fita da asuba, sai dare. Na ce mata, “To coci fa?” Ta miƙo mini wayarta. Ta sha neman cocin Hausa a intanet, ba abin da ke fitowa sai manyan majami'u na Turanci. Ta gwada ɗaya, aka tashi ba wanda ya tambayi sunanta. Tausayinta ya kama ni sosai.

Da la'asar muna tsinke alayyahu sai ƙawata ta ɗaga kai. Ƙarar tulu ce da kacau-kacau, irin kiɗan matan zumunta sak. Ƙanwata ta ce ta saba ji, ta ɗauka biki ake yi. Muka saɓa jaririn, muka bi sautin ta wani lungu, bayan wurin buga bulo. Ga ɗaki ba filasta, ba allo, mata cike suna koyon waƙar Lahadi da Hausa. Ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa, hawaye shar.

Faston dattijo ne mai fara'a. Na gaishe shi, sannan na kasa haƙuri. Na ce, “Baba, me ya sa ba a ganinku a waya?”

Ya ce, “'Yata, ai kowa ya san mu. Mu da ƙafa muke bishara, gida-gida.”

“Baba, kowan nan ban da ƙanwata, ga ta katanga ɗaya da ku.”

Ashe 'yan cocin sun sha ƙwanƙwasa ƙofarta, ita kuma mijinta ya ce kada ta buɗe wa baƙo. Sauran 'yan hayar ma duk suna Abuja a lokacin da ake zagayen. Baba ya ce, “Wato waya na shiga inda ƙafa ba ta shiga.” Nan take ƙawata da shugabar mata suka buɗe wa cocin shafi a intanet, suka sa hoton ɗakin, da kwatance, da lokacin sujada.

Ran Litinin muka juyo, jakata cike da doyar da matan suka haɗa mana, ba ƙanwata a motar. Abin da na koyo shi ne, komai daɗin waƙarku, baƙon yau a waya yake fara neman ƙofa.

Lahadin da ta biyo na nuna wa Mama bidiyon farko a shafin. Ga ƙanwata a layin baya tana tafi, jaririnta a bayan wata tsohuwa da ba mu ma san sunanta ba. Mama ta goge ido da bakin zani, ta ce, “Sake kunna mini.”