Zanen Rufe Makara

A ƙasan adakata akwai wani baƙin zane, saƙi, rinin kakata. A gidanmu na Roni duk macen da ta rasu shi ake rufa wa makararta, in an dawo daga maƙabarta a wanke a naɗe. Ya raka mahaifiyata, ya raka yayyena. Ni ma shi nake jira.

Wata Asabar ɗana da ke aikin gwamnati a Kazaure ya shigo da baƙi biyu, mace da namiji, daga gidan tarihi. Wai tsofaffin tufafi suke tarawa, su sa a gilashi jama'a su riƙa kallo. Ashe har ya yi musu alkawarin zanen, ban sani ba.

Ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in ja da shi a gaban baƙi. Na ɗauko zanen na ajiye a kan tabarma, na zauna ina kallon hannuwansu.

Matar ta warware shi a hankali, ta shinshina.

"Kai, Hajiya, har yanzu da ƙanshin rini! Na biki ne?"

Sai ta ɗaga za ta yafa, abokin aikinta ya saita waya zai ɗauki hoto.

"Ajiye," na ce. "Mai rai ba ya yafa shi, 'yar nan. Na makara ne."

Ta sauke shi da hannu biyu tana salati.

Ɗana ya sunkuyar da kai. "Inna, na riga na ba su magana. Can zai fi daɗewa. Nan asu zai cinye shi."

Bai yi ƙarya ba, asu ya fara cin gefe guda. Na ga gumi na bin wuyansa. In na hana, na kunyata shi. In na bayar, da zanen aro za a fita da ni.

Ban dube shi ba, matar na duba.

"Ki gaya masa, ranar da aka dawo da zanen daga kaina, ya kai muku da hannunsa. Kafin nan yana nan."

Ya raka su mota, bai dawo cin tuwo ba. Sai bayan kaka ya sake taka gidan. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye ƙullin kafur a bakin adaka, ya fita.