Ƙarangiya a Ƙafar Wando

Shekarar da ambaliya ta cinye gadar da ke tsakanin Gummi da ƙauyenmu, mutane suka yi gayya suka cike wurin da duwatsu da buhunan yashi. Hanyar ta fito siririya, babura biyu ba sa gittawa. Ran kasuwa layi kan miƙe har gindin wata tsamiya da ke ɓangaren Gummi. Sai kwamitin gyaran ya ɗaura igiya ya kafa doka: babur mai goyo ya wuce kyauta, wanda ya zo shi kaɗai ya biya, in cunkoso ya ƙaru kuɗin ya ƙaru. Wai don mutane su riƙa haɗuwa a babur ɗaya.

Ni ina koyarwa a Gummi, Inna tana ƙauye, kuma ranar da take ganin likita a Gummi duk wata saboda hawan jini ta faɗo daidai ran kasuwa. Zuwa ɗauko ta ni kaɗai, dawowa bayan na mai da ita ni kaɗai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da hannuna na ɗauki duwatsun wurin nan, yanzu kuma in biya don zan je wajen uwata?

Kowa ya nemo dabararsa. Wasu suka biya suna gunaguni, wasu suka koma sammako kafin a ɗaura igiya. Masu wayo kuwa suka gano tsofaffin da ke hira a gindin tsamiyar: ka goya ɗaya, ku tsallake, ka sauke shi da goro a hannu, ya dogara sandarsa ya komo ya jira wani. Ni na ce ba na biya, ba na kuma hayar tsoho. Daga tsamiyar akwai 'yar hanyar da ta ratsa gonakin da aka daina nomawa saboda 'yan bindiga, ta ɓulla wani mashigi mara zurfi. Nan na riƙa bi, don taurin kai ya fi tsoro ƙarfi.

Wata rana ina ɗaura mata jaka a babur, Inna ta sunkuya ta cire wani abu daga ƙafar wandona.

"Wagga ƙarangiya fa? Babu ta bisa hanya. Ta daji kab biyo?"

Na fara yi mata bayanin rashin adalcin kwamiti, dalla-dalla kamar ina aji. Ta saurara har na gama, ta yar da ƙarangiyar, ta hau.

Da watan ya zagayo, na iso tsamiya zan karya kan babur zuwa daji, sai na hangi mace ɗaya tal a cikin tsofaffin nan. Inna ce. Tun da ta sallame asuba ta taso da ƙafa, matar da zuwa rijiya ke sa ta haki. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya shata su. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda.

"Inna, mi yak kawo ki nan?"

"Na hutasshe ka shiga daji," in ji ta. "Kai ka yi rantsuwa ba ka biya. Ni ko na yi tawa, ba a kawo min labarinka daga gonakin can."

Da la'asar na mai da ita, muka wuce igiya kyauta. Muna tsallakewa ta ce in tsaya, ta sauka, wai wani maƙwabci zai ƙarasa da ita. Ta dogara sandarta a bakin hanya ta zuba mini ido. 'Yan kasuwa na ta komowa, kuɗi ya kai ƙarshen tsadarsa, mai igiya yana murmushi don ya san ni sarai.

Har gobe ina cewa dokar nan ba daidai ba ce, kuma na je na faɗa wa kwamiti ido da ido. Amma ranar hannu na sa a aljihu. Sai da na haye na waiwaya. Tana nan tsaye, ba ta motsa ba sai da ta ga na wuce tsamiya na miƙe kan babbar hanya.