Rigunan Ƙanƙara a Gaya

Wan mijina Alhaji ne mai magaze biyu, manyan shagunan ajiyar kaya, a Gaya. Kayan bosho yake saukewa daga Kwatano, tufafin da Turawa suka sa suka gaji. Masu kyau su tsallaka Najeriya, waɗanda suka ƙi sayuwa kuwa da su yake zumunci.

Wata shekara, ana tsakiyar bazara, ya aiko wa 'ya'yana uku riguna. Na ƙasar ƙanƙara ne, ciki cunkushe da auduga, ga hular gashi ɗinke a wuya. Maigida ya juya su, ya yaba ƙarfin ɗinkin, ya ce a kai yara su yi godiya, kuma a jikinsu Alhaji zai so ganin kayan.

Ban musa ba. Haka aka tarbiyyantar da ni: a gode ranar da aka karɓa, washegari a koma a gode da jiya. Na jera su a tsakar gida ina koya musu durƙuso da sunkuyar da kai, da abin da za su faɗa. Autar, 'yar shekara biyar, ta tambaye ni ko ana gode wa abin da ba a so. Na ce ai shi aka fi gode wa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka kama hanya a ƙafa. 'Yan kabu-kabu suna rage gudu suna kallonmu. Wata mai suyar kifi ta tambaye ni da Dendanci ko zazzaɓi ne ya kama su duka ukun.

Muka tarar da Alhaji a falonsa da baƙi, masu kamiyon dakon kaya irinsa, na'urar sanyi tana ta huci. Ya bar mu a baranda har ya gama labarinsa, sannan ya ce a shigo. Yaran suka durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsu, suka ce, "Baba, mun gode, Allah ya ƙara buɗi." Ya sa suka miƙe, suka juya gaba da baya. Ya shaida wa baƙin cewa gidan ƙanensa a wuyansa yake, ci da sutura. Baƙin suka sa masa albarka. Ko ruwa ba a ba mu ba.

Da na ce su taso, autar ta ƙi motsi. Sanyin ɗakin ya ratsa ta.

"Baba," in ji ta, "a nan kaɗai rigar take da daɗi. Ka bar mu mu zauna a gidanka mana."

Wani baƙo ya ƙware da shayi. Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya duba agogo, ya ce a gaida mutan gida.

Ƙurajen zafi suka feso wa yaran har wuya. Duk da haka washegari na koma na gode da jiya.

Godiyar ta karɓu. Alhaji ya riƙa faɗa a cikin dangi cewa 'ya'yana sun fi na kowa tarbiyya, kuma mako bai zagayo ba sai ga buhu guda na irin rigunan. A ciki har da ta babban mutum, baƙa, mai kai wa gwiwa. Na kakkaɓe ta, na ajiye wa maigida kusa da tuwonsa, na ce wannan tasa ce, kuma Alhaji yana gida bayan la'asar.

Ya daɗe yana kallon rigar. Daga baya ya ce shi da wansa ba sa irin wannan, zai kira shi a waya.